Wata Biyu Gwandu Tana Jiran Koci

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata kwalejin horon malamai da ke bayan garin Gwandu, cikin shekarun tamanin, aka wayi gari ƙungiyar ƙwallonmu ba ta da koci. Wanda yake riƙe da ita wani dattijo ne malamin aikin gona, mutumin Kambaza. Ba don ƙwallo aka ɗauke shi aiki ba, gani ya yi babu mai fita fili da ɗaliban, shi ya sa ya shiga fita da su kowace la'asar, har shekara goma sha ɗaya. Da 'yan wata kwaleji ta Kalgo suka zo har gida suka ci mu karo na uku a jere, 'yan gari suka bi shi daga bakin fili zuwa ƙofar gidansa suna kiransa mai dashen albasa. Washegari ya shiga ofishin firinsifal, ya ajiye usur a kan tebur, ya ce ya gode, ya koma gonar makaranta.

Waɗanda nake kira 'yan gari wata majalisa ce da ke zama a rumfar wani tela kusa da tasha. Ba su kai mutum ashirin ba, amma ranar wasa su ke jan sauran jama'a. Telan ne shugabansu, mutum mai tumbi da babbar murya, wanda ban taɓa ganin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo ba. Duk abin da ya sani game da wasan a rediyo ya ji shi, rediyon ma rabin maganarsa Turanci ce da ba ya ji. Na biyunsa wani direban bas ne mai zuwa Birnin Kebbi kullum, shi ke kawo musu labari. Ƙanen telan yana aji huɗu a kwalejinmu, kuma shi ne golanmu. Me ya sa ake cin mu? A rumfar nan an zargi tsohon malami, an zargi alƙalin wasa, an zargi iska da ciyawar fili. Sunan gola kaɗai ne ba a taɓa ambata ba.

Firinsifal mutum ne mai tsoron hayaniya. Ya ce za a nemo koci na gaske, ya kafa kwamiti, ya naɗa ni sakatare saboda ni kaɗai na iya buga tafireta ba tare da na yaga takarda ba. Na buga sanarwa guda shida, aka aika makarantun da ke kewaye da mu.

Kafin sati ya zagayo gari ya ɗauka. Direban ya dawo daga Birnin Kebbi ya ce ya ji daga bakin wani babba cewa ɗan Ghana za a kawo mana. Bayan kwana biyu ɗan Ghanan ya zama tsohon ɗan wasan ƙasa. Bayan kwana huɗu an ce ya taɓa buga wasa a Turai, kuma yana cin ƙwallo da kai daga tsakiyar fili. Mutanen da ba su taɓa wuce Jega ba suka zauna suna gardama a kan irin tsarin da zai kawo, telan yana zana fili da allin ɗinki a kan benci.

Hanyata ta zuwa kasuwa ta gaban rumfar take, don haka ba ni da yadda zan kauce musu.

"Malam sakatare, zamna mana," in ji telan wata rana. "An ce ɗan Ghana na, ko?"

"Ni dai ban ga takardatai ba, maigida."

Ya dubi sauran ya yi murmushi. "Kun ji ko? An hana mai magana. Wanga al'amari daga sama anka yo shi."

Duk abin da na musa, musun ya zama musu shaida. Da na daina amsawa, shirun ma ya zama shaida. Har wani mai sayar da goro ya tare ni ya roƙi in gaya masa ko baƙon yana cin tuwon dawa, don matarsa ta shirya.

Gaskiyar magana, wasiƙa biyu kacal suka zo cikin wata biyu. Ɗaya daga wani tsohon soja, wanda ya rubuta cewa bai san ƙwallo ba amma ya san yadda ake gyara yara. Ɗayar daga mataimakin kocin Kalgo, wato makarantar da ke cin mu. Firinsifal ya juya wasiƙar nan sau uku, sannan ya ce in je Kalgo in gan shi.

Na same shi a fili yana jera duwatsu a matsayin alama, ɗalibai suna zagaya su da ƙwallo. Siriri ne, gajere, ba zai wuce shekara talatin ba, sanye da wata tsohuwar riga mai gajeren hannu. Ya karanci koyar da wasanni, abin da babu wanda ya karanta a wajenmu. Na tambaye shi dalilin da zai bar masu ci ya koma wajen waɗanda ake ci.

"Tsohuwata na Dalijan, Malam, kuma ba ta da lahiya," ya ce. "In ina Gwandu, kowace Juma'a ina ganinta." "Yaranku ba su da laihi. Na kalle su sau ukku. Abu guda ni ka roƙo, a bar ni in zaɓi masu buga wasa da kaina."

Na ce wannan ai ba abin roƙo ba ne. Haka na ce masa, da bakina.

Aka ba shi aikin. Ranar da zai iso, firinsifal ya yi kuskuren faɗa wa masinja, masinja kuma ya faɗa wa tasha. Tun hantsi majalisar ta taru da makaɗin kalangu. Telan ya sa babbar riga. Bas ta tsaya, kocin ya sauko da jakarsa, kwandasta ya sauke masa keke daga sama, ya tura abinsa ya ratsa ta tsakiyarsu, babu wanda ya ko dube shi. Bayansa wani dogon mutum baƙi ya sauko sanye da rigar sanyi mai zif da baƙin tabarau. Nan take kalangu ya tashi. Suka kewaye shi, suka karɓe jakarsa, telan ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana yi masa maraba da ɗan Turancin da ya tsinta. Sai da suka raka shi kusan rabin hanyar kwaleji sannan mutumin ya samu ya yi magana. Malamin dabbobi ne, an turo shi yi wa shanun rugagen da ke kewaye allura.

Ina tsaye da kocin a gindin wata darbejiya muna kallo. Ya tambaye ni ko biki ake yi. Na ce e.

Ba su yafe masa wannan kunyar ba, duk da ba shi ya ba su ita ba. Da la'asar suka zo bakin fili suka ga ainihin mutumin, telan ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wanga na? Ai wanga ko ɗan ajin ɗaya ya hi shi jiki."

Kocin ya ci gaba da aikinsa. Sati biyu yana gwada kowa, har waɗanda ba a taɓa ba riga ba. A ciki akwai wani dogon saurayi ɗan aji biyu, daga wata rugar da ke gabas da gari, mai hannuwa kamar faranti, wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Kocin ya sa shi a raga, ya sa ƙanen telan a ɗaya ragar, ya ce a yi ta buga musu. Kowa ya ga abin da muka daɗe muna gani muna kau da kai: in ƙwallo ta taho da ƙarfi, ƙanen telan rufe ido yake yi ya juya kafaɗa. Dogon kuwa gaba yake yi ya tare ta. Ranar Litinin aka liƙa sunaye a allon sanarwa, dogon ne gola.

Zuwa Talata labari ya canza a rumfa. Mutumin da suka yi wata biyu suna jira ya zama ɗan leƙen asirin Kalgo, an turo shi ya lalata mu daga ciki. Direban ya rantse ya gan shi yana raɗa da wani a tashar Jega. Suka shiga zuwa fili kullum, su zauna a bayan raga suna tambayar dogon ina ya baro shanunsa. Sau biyu kocin yana fitowa ya tarar an sace iskar tayoyin kekensa. Ya je wajen firinsifal ya roƙi a hana 'yan gari shigowa lokacin atisaye. Ina ofishin ina buga takarda, na ji amsar.

"Mutanen gari na, Malam. Da su muka zamne. Ka mai da ƙanen telan wurinai, a zamna lahiya."

Kocin ya juyo ya dube ni. Na ci gaba da buga tafireta kamar aikin gaggawa ne.

Saura kwana goma wasanmu da Kalgo kocin ya ɗaure jakarsa a bayan keke. Ya biyo ta ɗakina ya ba ni wani littafin rubutu, a ciki ya rubuta sunan kowane ɗan wasa da abin da ya iya da abin da ya rage masa. Ya ce ko wa aka ba aikin, in miƙa masa. Bai yi mini maganar alkawarin da na yi masa a Kalgo ba.

Ni aka ba aikin. Firinsifal ya ce tunda ni ne sakatare, ni na fi kowa sanin inda aka kwana. Na karanta littafin nan tun daga farko har ƙarshe, na fahimci duk abin da ke ciki. Sannan telan ya aiko a gaishe ni, direban ya rage mini hanya kyauta har ƙofar kwaleji yana ta yabon hankalina. Ranar da na liƙa sunaye, ƙanen telan ne a raga.

A Kalgo aka ci mu huɗu, uku daga ciki ƙwallaye ne da mai ido buɗe zai kama. Bayan an tashi, kocin ya tsallako daga ɓangarensu, don sun mayar da shi aikinsa, ya ba ni hannu.

"Ina dogon yaron?" ya tambaya.

"Ba shi da lahiya," na ce.

Dogon yana zaune a benci bayana, da rigar makaranta, yana jinmu. Kocin ya dube shi, ya ɗaga masa hannu, ya ce mini Allah ya ba shi sauƙi, ya tafi.

A bas ɗin direban muka dawo. Kafin mu kai Jega an gama yanke hukunci cewa alƙalin wasa ɗan Kalgo ne, kuma tsohon kocin ya sayar da sirrinmu. Wane sirri ne muke da shi, ban sani ba. Ni ba wanda ya zage ni. Telan ma cewa ya yi na yi ƙoƙari, ga shi ban daɗe da karɓa ba.

Bayan sati biyu ya aiko mini da riga 'yar shara ta shadda ruwan toka, da ɗan aiki a wuya, ɗinkin hannunsa. Ta ɗan matse ni a hammata. Na sa ta ranar Juma'a na tafi masallaci, na biyo ta gaban rumfar, suka ce ta yi mini kyau, na ce na gode.