Ranar da Inna Ta Taka Kuloci

Jiya a gareji wani ya buɗe gwangwanin man birki kusa da ni. Warin nan mai yaji ya maido min da ƙofar gidanmu na Safana, lokacin da Baba yake koyarwa a firamare.

Yana da tsohuwar a-kori-kura da ya saya hannun wani mai fataucin gyaɗa. Komai nata shi yake gyarawa, ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. A daminar da nake ba ku labari ta fara rigima. In ta zo hawa, injin ya yi ta kuka amma ba ta ja. Daga baya kulocin ya yi laushi, giya ta ƙi shiga.

Ana cikin haka, da hantsi, wani mai babur ya kawo saƙo daga Ruma: kakarmu, mahaifiyar Inna, ta kwana biyu ba ta magana. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma in aka yi ruwa hanyar ba ta biyuwa.

Baba ya ce iska ce ta shiga bututun man kuloci, sai an fitar da ita. Aikin kuwa na mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa da sifana, ɗaya a kujera yana taka kuloci. Mu yara ƙafarmu ba ta kaiwa. Sai ya leƙa cikin gida ya kira Inna.

Ta fito da garin dawa a hannu. Ba ta taɓa zama a mazaunin direba ba.

"Malam, wanne zan taka?"

"Na hagu. Ki taka sau biyar, ki riƙe. Kada ki saki sai na ce."

Ta taka, ta riƙe. Ya sassauta noti, man ya tsarto cikin kwalba da kumfa, ya ɗaure. Haka suka yi ta yi. Ina kallon zufa na bin wuyanta, amma ba ta ɗaga ƙafa ba. Da man ya fito garau, ya ƙara sabon man birki, ya daidaita sandar kulocin. Kafin azahar sun kama hanya.

Da la'asar suka wuce da Kaka asibitin Batsari, yayyafi na bin su. Ta tashi, har ta ƙara shekara huɗu a duniya.

Yanzu motata ba ta da kuloci, ban ma san yadda cikinta yake ba. Gidan Ruma kuwa a rufe yake tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankin.

Bara na tambayi Baba abin da ya hana shi kiran maƙwabci, ga maza zaune a bakin masallaci.

"Maƙwabci in ya gaji zai iya saki," in ji shi. "Ita kuwa uwarta ce kwance."