Shekara Biyu da Na Ce Sun Isa

A da na ɗauka hukuma ce take yanke wa mutum tsawon bizar aiki yadda ta ga dama. Ashe kwanan watan da wurin aiki ya rubuta a takardar ɗaukar nauyi ake bi, ranar farawa da ranar gamawa, sai 'yan kwanakin da ake ƙarawa na haɗa kaya. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini.

Girki nake yi a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Thamesmead, a nan ƙasar Turawa. Ƙanwata nas ce a Kano, kuma gidan ya yarda zai ɗauke ta aiki. Wata safiya manaja, Baturiya mai kirki, ta kira ni ofis, hannuna duk fulawa. Ta ce takardar ƙanwata take cikewa, shekara nawa zan so ta sa, biyar ko biyu?

A gidanmu idan an miƙo kwano ba a ɗaukar babbar tsoka. Sai ka ce ka ƙoshi, har mai gida ya matsa maka. Na ce biyu ma sun isa, kada mu ɗora mata nauyi. Na tsaya ina jiran ta ce a'a, biyar za a sa. Sai kawai ta buga biyu a kwamfuta, ta tambaye ni ko abincin rana ya nuna.

Sau uku a wannan makon ina zuwa bakin ƙofarta don in ce a sa biyar, ina juyowa, ina tsoron ta ɗauke ni mai magana biyu.

Ƙanwata ta zo, tsofaffin suka saba da ita. Kafin shekara biyun su cika aka sayar da gidan. Sababbin masu shi suka riƙe waɗanda takardarsu ke da sauran lokaci, amma suka ce ba za su sabunta ta kowa ba. Ƙanwata ta nemi wani wurin, ba a dace ba, dole ta koma gida.

Sai ranar da muke ninke kayanta na iya gaya mata cewa ni na ce a sa biyu. Ta daɗe tana kallona, ta yi 'yar dariya.

"Yaya, Baturiya kika yi wa kara?"

Ta miƙo mini rigar sanyinta, ta ce in riƙe, a Kano ba ta da amfani. Wannan karon ban ce a'a ba.