Rigar Sanyi Daga Kasuwar Juma'a

Ni yashi nake haƙa a kogin Wudil tun ina saurayi, bokona bai wuce firamare ba. 'Yata ta fari kuwa ta gama jami'ar garin nan, har aka ba ta gurbin ƙaro karatu a Italiya. Sai dai ba za ta tafi ba sai da yardata, ni kuma na ƙi cewa komai. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle doguwar magana.

Kullum bayan la'asar tana tsakar gida da waya tana maimaita yaren Italiya. Ran nan na dawo a gajiye, na ji uwarta tana tsokanarta: "Ke, wannan gwalantun fa na mene ne?"

Ta ce, "Inna, su can in mutum ya ce ya so yin abu, daga yadda ya faɗa ake gane ko ya yi, ko a zuci ya tsaya."

Uwar ta ce, "To ke wanne kike koyo?"

Ta ce, "Duka biyun. Ban san wanda zan buƙata ba tukuna."

Ina zaure ina wanke ƙafa. Ni ma na so makanikanci a Kano, ga ni har yau a cikin ruwa.

Ran Juma'a na shiga wajen 'yan gwanjo, na zaɓo rigar sanyi mai nauyi, irin wadda ba ta da amfani a garinmu. Na miƙa wa uwarta na ce, "Ba wa yarinyar nan. An ce can akwai sanyi."