Jinjina ga Nas, Wadda Aka Bar wa Mama Aka Tafi Malesiya

Kafin kowa ya motsa a gidan, ita ta riga ta ɗora ruwa. Takan gwada zafinsa da gwiwar hannu, ta ɗauki baho ta nufi ɗakin da ke ƙarshen baranda, ta ɗage labule ta ce, "Mama, mun kwana lafiya?" Tsohuwar da ke kwance ba kullum take amsawa ba. Tun da ɓarin jikinta ya shanye magana ta zame mata aiki, kalma ɗaya sai ta yi ta jan ta kafin ta fito. Amma Nas takan tsaya ta jira amsar, ko da gyaɗa kai ne. Daga nan sai wanka, sai canza zanin gado, sai shafa mai a baya da dugadugai, a juya ta wancan ɓarin, a ba ta abinci cokali-cokali, a ba ta magani, a kwashe abin da 'ya'yan cikinta ma ba sa son a ambata a gabansu. Rana ta ɗaga a sake, yamma ta yi a sake.

Nas ake ce mata, alhali ba ta taɓa sa farar riga a wani asibiti ba. Yaran gidan ne suka laƙaba mata, manya suka ɗauka, har aka manta tana da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Autar gidan da ta tarar a goye yanzu har jan baki take shafawa, to ku auna daɗewarta. Likitan da ke zuwa duba Mama ya sha faɗa a gaban mutane cewa yakan ɗaga zani yana neman gyambon kwanciya, bai taɓa samun ko ƙwarzane ba. Baba Maigadi kuma shaida ne ranar da ciwo ya ɓata wa Mama rai ta wurga mata kofi, goshinta ya fashe. Ya ce ta fito ta wanke jinin a famfo, ta ɗaura ƙyalle, ta koma ta ƙarasa ba ta abincin.

Wannan matar ce aka sallama a watan jiya. Ba ta yi sata ba, ba ta yi rashin kunya ba, ba ta bar Mama cikin ƙazanta ko na yini ɗaya ba. Hutu ne ya ci aikinta, hutun da ba ita ta tafi ba. Abin da ban haushi, kuma in ba a faɗa ba zai wuce a banza, shi ya sa za a faɗa.

Maigidan, babban ɗan Mama, shi ya sanar cewa bana a ƙasar waje za a huta. Nan da nan falo ya koma ofishin shirya tafiya. Aka yi ta ja tsakanin Tailan da Malesiya: auta na son ganin giwaye, matar gidan na son kasuwa, maigida na son inda zai ci abinci ba tare da ya yi ta tambayar me aka sa a ciki ba. Malesiya ta ci. Sai aka shiga binciken damina, wane wata ne ruwa ke sauƙi, wane tsibiri ne tekunsa ya fi kwanciya. Aka sabunta fasfo, aka bi maganar biza, aka tace otal-otal har aka samu mai wurin ninkaya a saman bene. Aka kira abokin maigida da ya taɓa zuwa, aka tsare shi da tambayoyi har shayinsa ya huce. Aka auna akwatuna a kan sikeli. Har wanda zai riƙa ba furanni ruwa da wanda zai riƙa tayar da mota don kada batir ya mutu sai da aka tsayar. Duk wannan zaman Nas na wucewa ta gabansu da baho, tana shiga tana fita, ba wanda ya ɗaga kai ya ce, "Ke fa, watan ya yi miki?"

Watan kuwa bai yi mata ba, kuma sun sani. 'Yarta guda ɗaya ce a duniya, tana ɗauke da ciki, bayan biyu da suka zube a baya. Tun cikin yana ƙarami Nas ta roƙi a ba ta 'yan kwanaki in lokaci ya yi, matar gidan ta ce ba komai, Allah ya kai mu. Da Nas ta ji ranar da aka tsayar, sai ta same ta a ɗaki tana ninke kayan tafiya, ta durƙusa.

"Hajiya, kin tuna maganar da na yi miki? Watan 'yata ke nan fa."

"Wayyo Nas, wallahi na sha'afa! To yanzu yaya za a yi? An riga an yanki tikiti, kuma irin wanda ba a canzawa ne."

"Ko a samo wadda za ta riƙe Mama, in nuna mata komai kafin ku tafi?"

"Haba, wa Mama za ta yarda da shi in ba ke ba? Ki kwantar da hankalinki, haihuwar fari ai jinkiri take yi. Kafin ta haihu mun dawo. Kuma ƙanwar maigida ta ce za ta riƙa leƙowa."

Kun ji fa. Tikiti ne ba a canza masa rana, naƙuda ce za ta yi haƙuri ta jira a gama ninkaya. Kuma ku lura da yadda aka ɗaure ta da yabo: Mama ba ta yarda da kowa sai ke. Shekara da shekaru da wannan kalmar ake hana ta zuwa ko'ina. Nas ta ce to, ta tashi ta taya ta zuge akwatin.

Suka tafi. Hotuna suka fara shigowa wayar Baba Maigadi, yana nuna wa duk mai wucewa: ga su a gindin dogayen benaye, ga su da kwakwa a hannu, ga auta da biri a kafaɗa. Wata safiya a tsakiyar hutun, Nas na riƙe da cokali a bakin Mama, wayarta ta yi ƙara. Mijin 'yarta ne.

"Inna, an kwantar da ita. Jininta ya hau, likita ya ce aiki za a yi mata yau-yau. Ke take ta kira."

Ta kira maigida, ba ta shiga. Ta kira matar gidan, haka. Daga baya aka ji suna cikin jirgin ruwa ne za su wani tsibiri. Ta kira ƙanwar maigida, mai alƙawarin leƙowa wadda tun da aka tafi ba a ga ƙeyarta ba.

"Ni fa Nas ban iya ɗaga Mama ba, kin san bayana. Ki bari zuwa gobe mu gani."

Baba Maigadi da ya ga tana kai-kawo a tsakar gida ya ce, "Ki rufe ta ki je ki dawo mana, zan riƙa leƙawa ta taga."

"Baba, mutum ce fa, ba kaya ba. In ta ƙware, ta taga za ka ɗaga ta?"

Zuciyarta ta rabu biyu, ta rasa inda za ta sa kanta. Can ga 'yar da ta haifa za a shiga da ita ɗakin tiyata tana kiran uwarta, nan ga tsohuwar da ko juyawa ba ta iya yi da kanta. Sai ta yi abin da duk masu shirya tafiyar nan ba su yi ba, ta tambayi mai abin. Ta durƙusa a bakin gado ta faɗa wa Mama komai, ba ta rage ba.

"Mama, ba zan iya barin ki ba, kuma ba zan iya ƙin zuwa ba. Za ki bi ni?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta, leɓenta na motsi. Da ƙyar kalmar ta fito.

"Mayafina."

Nas ta aika wa maigida saƙon murya ta bayyana masa komai. Ta haɗa magani, ƙunzugu, ruwa, abinci da filon da ake tokare wa Mama ɓarin da ya mutu. Baba Maigadi ya tsayar da tasi, su biyu da direban suka ɗauko ta suka zaunar, aka naɗe keken da ake tura Mama a kai aka sa a baya. Direban ya ce har suka isa hannunta na tallafe da kan tsohuwar, tana ce masa ya bi a hankali, alhali hawaye na zuba a fuskarta.

Ta iske 'yarta a asibiti a kan gadon turawa, ana shirin shiga da ita ɗakin tiyata. Wata ungozoma da ke wurin ta ce ba za ta manta ba: mace ta zo da gudu tana tura keke, ta kama hannun mai naƙuda da hannu ɗaya, ɗayan bai saki keken ba. Yarinyar ta ce, "Inna, kin zo?" Ta ce, "Na zo, ga ni, ba inda za ni." Aka rufe ƙofa. Tsawon lokacin da aka ɗauka ana aikin, Mama ce ta miƙo hannunta mai lafiya ta riƙe wuyan hannun Nas, ba ta saki ba. Da lokacin magani ya yi, a nan barandar asibitin Nas ta ɓallo ƙwaya ta ba ta. Ungozomar ta ɗauka uwa ce da 'yarta, sai da aka faɗa mata.

Aka fito da jaririya mai rai, uwar ma ta farfaɗo. Aka ɗora jaririyar a cinyar Mama na ɗan lokaci, Nas na tare ta ta gefe. Kafin rana ta faɗi ta mayar da tsohuwar gida, ta yi mata wanka, ta kwantar da ita a gadonta.

Washegari amsa ta zo daga tsibiri, ba barka a cikinta. Umarni ne: kada ta kuskura ta sake fita da Mama. Ta bi. Ba ta ƙara ganin 'yarta ba, mai ɗanyen ɗinki a ciki, har sai da suka dawo.

Da suka dawo ko akwatuna ba a gama kwancewa ba aka kira ta falo. Ashe wani ɗan uwa ya hango Mama a barandar asibitin, magana ta zaga dangi.

"Uwata a tasi?" in ji maigida. "Uwata a barandar asibiti kamar marar gata, mutane na kallo? Da wani abu ya same ta fa?"

"Yallaɓai, na kira ka, na kira Hajiya, na kira ƙanwarka. Mama na tambaya, ta ce mu je."

"Mama ce za ta yanke wannan shawarar?"

A yi masa adalci, tsoron kada wani abu ya sami uwa tsoro ne na gaskiya. Amma ina tsoron nan yake lokacin da ake auna akwatuna? Wanda ya tanadi mai tayar masa da mota bai tanadi mutum na biyu a kan uwarsa ba, sannan ya dawo yana tuhumar wadda ta ƙi barin ta ita kaɗai a ɗaki. Ba lafiyar Mama ce ta ƙona masa rai ba, idon dangi ne. Aka ce ta haɗa kayanta zuwa ƙarshen mako. Matar gidan, don kada a ce ba ta kyauta ba, ta miƙa mata tsarabarta, wani ɗan mafici mai zanen teku.

Nas, ke ce aka ba zaɓi tsakanin 'yarki da amanar da ke hannunki, kika ƙi yar da ko ɗaya. Ke ce mai hannun da ya fi na 'ya'ya sanyi a jikin uwarsu. Kin san aikinki na iya tafiya tun kina naɗe keken nan, ba ki fasa ba, ba ki kuma ɓoye ba. Mun gode miki, Allah ya raya jikarki, ya ba ki gidan da za a san darajarki. Ba ki yi laifin da za ki sunkuyar da kai a kansa ba.

Ku kuma masu shirin tafiya hutu, ku je, Allah ya kai ku lafiya, ba wanda ya ce hutu laifi ne. Amma akwai wadda tsayuwarta ce ta ba ku damar tafiya, kuma ita ma tana da 'ya'ya da ranakun da ba sa ɗaguwa. Ku zaunar da ita ku ji nata kafin ku yanki tikiti. Masu riƙon marasa lafiya kuma, ga wadda za ku yi koyi da ita.

Ranar da za ta bar gidan, safiyar gaba ɗaya ta ƙare ta ne tana nuna wa sabuwar mai jinya yadda ake juya Mama ba a ja mata kafaɗa ba. Da ta zo yin sallama ta tarar da maigida zaune a bakin gado, ya kara wa uwarsa waya a fuska yana wuce hotuna. "Mama, kin ga teku? Kin ga otal ɗin da muka sauka?" Tsohuwar ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ture wayar gefe. Ta juyo da ido wajen Nas da ke tsaye a ƙofa da jakarta, ta yi ta kokawa da harshenta.

"Jaririyar," in ji Mama, "ta kama nono?"