Kifin Robar Da Na Zaɓa Masa

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma ranar da kifin robar da na zaɓa wa mijina ya yi kamu ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni mai bandar kifi ce a Gaya, sana'ar da na tashi na tarar da uwata tana yi. Mijina kuwa masunci ne, ɗan masunci. Farkon zuwana gidansa, idan jirginsa ya dawo sai na kira maƙwabta su taya ni gyaran kifi. Giwan ruwa guda yakan cika baho. Sannu a hankali gulbi ya sauya mana fuska. Yashi ya cike gurabe masu zurfi, kainuwa ta rufe gefe, masu taru mai ƙananan idanu suka kwashe har ƴaƴan kifi. Murhun bandata ya koma wurin kwanan kaji.

Wansa, wanda suke shiga jirgi tare tun suna yara, ya gaji ya tafi Kwatano yana aiki a jiragen mutane cikin teku. Kullum ya kira a salula maganarsa ɗaya ce, a sayar da jirgi, ƙanensa ya bi shi. Mu a nan ruwa biyu muke gani a shekara, jan ruwa na damina, sai baƙin ruwa mai zuwa daga nesa lokacin sanyi. Wata rana ina jin mijina ya ce masa, "Yaya, ka ba ni wagga shekara. In baƙin ruwa ya janye ban ga komi ba, ina tahe." Gabana ya faɗi, domin na san shi. Mutum ne da ba ya saɓa maganarsa, kuma sau da yawa na so a ce yana da ɗan halin ƙarya kamar sauran maza.

Ana cikin haka ya ji labarin wani ɗan kasuwa a Malanbil, garin da ke ƙetaren gulbi, mai sayar da kifin roba, wai ana ɗaura shi a zare a ja, manyan kifaye su ɗauka na gaske ne su hadiye. Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ranar kasuwa muka haye gada tare.

Mutumin ya baza su a kan tabarma, ga baho cike da ruwa a gefensa. Ƙananan kifaye ne masu idanu ƙuru-ƙuru, kowanne da ƙugiyoyi masu baki uku a ciki da wutsiya, da wani ɗan leɓe na roba a gaba. Ya ja ɗaya cikin bahon, sai ga shi yana karkaɗa kamar mai rai.

"Malam, leɓen za ka duba," in ji shi. "Mai gajere sama-sama shika tahiya. Mai dogo shi ka nutsewa ƙasa. In ruwa ya yi ja, ka ɗauki mai launi mai ƙara, kihi shi ji shi ko bai gani ba. In ruwa ya kwanta, sai mai kama da na Allah."

Mijina ya durƙusa a gaban tabarmar nan har rana ta take tsaka. Ya ɗaga wannan, ya kaɗa wancan a kunne, ya gwada kaifin ƙugiya a farce. Da na gaji da tsayuwa na ce, "Maigida, ranar da ka zo neman aurena ba ka yi mini wanga kallo ba." Bai ko ɗago ba. Ƙarfinmu na uku ne kawai. Ya ɗauki wani rawaya mai jan ciki mai ƙara kamar caki, ya ɗauki wani kore mai dogon leɓe, sannan ya juyo ya ce in zaɓi na ukun.

Ni ban san leɓe ba, amma na san ciki. Shekaru ina feɗe giwan ruwa, kuma abin da nake tararwa a tumbinsa bai taɓa zama rawaya ko kore ba. Ƴan kifaye ne masu ruwan toka, gefensu fari. Na tona can ƙasan kwali na ciro wani ɗan ƙarami mai irin wannan launi, duk ƙura ta rufe shi.

"Wanga mummunan?" in ji mijina.

"Giwan ruwa ba zance zai je ba," na ce. "Abinci shika nema."

Ɗan kasuwar ya ce tun da ya kawo shi ba wanda ya ko taɓa shi. Muka dawo gida mijina yana ta zolayata a hanya, rabon da in ji dariyarsa haka an daɗe.

Kifin roba ba ya aiki sai jirgi yana tafiya, dole ɗaya ya tuƙa ɗaya ya riƙe zare. Wansa ba ya nan, yaranmu ƙanana, sai ni. Matan da ke wanki a bakin gulbi suka samu abin yi, da sun hango mu sai su ce ga ango da amarya za su shan iska. Na toshe kunnena.

Da rawayan muka fara, a ƙarshen jan ruwa. Muka ja shi sama da ƙasa, ko taɓawa ba a yi ba. Mijina ya ce ai mun makara, ruwa ya fara washewa, launin ya yi wa kifi yawa. Da baƙin ruwa ya iso muka koma ga koren. Wannan kam ya iya nutso, ya kwaso mana ciyawa da leda da tsohon takalmi, daga ƙarshe ya maƙale a wani icce da ke kwance a ƙasa, zare ya tsinke. Mijina ya ce leɓen ne ya yi tsawo. Abin da na lura da shi, duk ranar da muka dawo hannu biyu bai cika damuwa ba. Yana cin tuwonsa, yana yi mini bayanin laifin robar, yana barci.

Nawa kuwa yana nan cikin gwangwani bai taɓa ruwa ba. Yau ya ce iska ta yi yawa, gobe ya ce zai gyara mamari, wato dogon zaren nan mai ƙugiyoyi da yawa. Da farko na ɗauka raini ne. Daga baya na gane, muddin akwai guda da ba a gwada ba, yana da amsar da zai ba wansa, kuma yana da wadda zai ba kansa. Daga ranar ni ma na daina ambatonsa. Muna kwana ɗaki ɗaya, kowa ya san abin da ke cikin gwangwanin nan.

Amma ciki ba ya jira. Ta kai ni, matar masunci, ina sayen kifin ƙanƙara da motoci ke kawowa daga teku in banda in sayar, don yara su samu abin kaiwa lakwal, wato makarantar boko. Idan ina hura wuta yakan fita daga gidan. Ruwa kuma yana ta sauka, kullum sai wani sabon tsibirin yashi ya fito. Sai wansa ya kira ya ce an samu gurbi a jirginsu, ba za a ajiye shi ba.

Washegari da safe na gan shi yana ɗaura ɗan tokan nan a zare. Na ce, "Maigida, ka bari sai gobe."

"Gobe nawa munka ci, ke?" Ya miƙo mini zaren.

A cikin jirgi ina ta lissafi a zuci. Idan ya kama babba, mijina ya zauna. Idan bai kama ba, wataƙila a samu wani laifin da za a ɗora wa robar, mu sake hayewa Malanbil. Hanyoyi biyu na gani, ban san akwai ta uku ba.

Ya tuƙa mu zuwa wani gurbi a gindin dutse inda ubansa yakan kama manya. Ba mu yi nisa ba na ji an fizgi zaren a yatsana. Wallahi har yau ina jin wannan fizgar. Na ce masa an ci, ya saki filafili ya karɓa, fuskarsa ta koma ta saurayi. Ya fara ja, sai na ga zaren yana zuwa ba gardama. Abin da ya fito giwan ruwa ne sosai, da idonsa da azurfar jikinsa, amma bai wuce tafin hannuna ba.

Ya cire shi ya sake jefawa. Aka sake ci, irin na farko. Ya kai mu duk guraben da ya sani, har waɗanda bai taɓa nuna wa kowa ba. Ko'ina robar nan tana kamu, kuma ko'ina ƴaƴa ne. Da rana ta yi zafi ya ɗora filafili a cinya ya bar ruwa yana tafiya da mu, yana kallon ƴan kifayen a ƙasan jirgi.

Na ce, "Mu koma mu sayo babba. Ƙila girman robar na."

"A'a," ya ce a hankali. "Kin iya zaɓe. Da akwai uwayensu da sun ci. Wanga shi na abin da ya rage cikin gulbin."

Na yi kuka a cikin jirgin nan, ban damu da masu wanki ba. Shi bai yi ba, kuma na fi so da ya yi. Da muka dawo na dafa kifayen, yara suka cinye suna murna an ci na gulbi.

Ya sayar da jirgin ga masu ɗibar yashi, ya hau mota zuwa Kwatano. Da farko yana kira, yana ce mini ruwan teku ba shi da kunya, ba ya barin mutum ya tsaya da ƙafafunsa. Sai kira ya ɗauke. Daga baya wansa ya kira, muryarsa ba daɗi, ya ce wata rana shi zazzaɓi ya hana shi fita, jirgin ya tafi da ƙanensa, kuma bai dawo ba. Ba a ga jirgi ba, ba a ga gawa ba. Na yi jira iya yadda malamai suka ce, sannan na yi takabar mutumin da ban ga an rufe ba.

Yanzu yaran sun girma, ba ko ɗaya da ya iya riƙe filafili, kuma ban koya musu ba. Abin da wannan ya koya mini shi ne, idan ka ga mutum yana riƙe da wani ɗan uzuri da bai kai ya kawo ba, kada ka ɗauka bai san gaskiya ba. Sau da yawa ya fi ka saninta, uzurin ne kawai ya rage masa a tsakaninsa da ita. A duk zamanmu sau ɗaya mijina ya ce mini na fi shi gaskiya a kan sha'anin ruwa, kuma da za a ba ni zaɓi, da na ɗauki kuskure ya zauna a gida.