Motar Mai Gida a Bakin Taga

Shekara ashirin da shida Kawu Fenti ya yi yana fesa wa motocin mutane fenti a gareji, bai taɓa mallakar ko tayar keke ba. Abin da ya samu a ƙarshe shi ne tari. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a fitila ya ce, "Baba, huhun nan naka ya fi motocin shan fenti. In za ka sake riƙe bindigar feshi, ka fara sallama da iyalinka tukuna." Kawu ya ajiye bindiga ya dawo gida. Kwana tara ya yi yana kallon silin yana neman matarsa da faɗa a kan gishiri. Ran na goma ya tsinci wata 'yar motar wasa ta ƙarfe a tulin kayan gwanjo, ba ƙafa ɗaya, ya kawo ta gida a aljihu kamar wanda ya sato nama.

Shi ke nan aka samu matsala.

Ya kankare ta da reza, ya goge da samfefa mai laushi, ya fere tsinken sakace, ya rage wa buroshi gashi har ya saura sili uku. Kafin shekara ta zagayo, teburinsa ya cika da motoci da babura waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba. Da murfin kwalba yake haɗa kala, da hantsaki yake ɗora madubin gefe, lambar mota kuwa sai ya ɗora tabarau biyu a hanci ya riƙe numfashi kafin ya rubuta ta. Matarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo, ta ce ita dai ta gode Allah, ta auri talaka ta wayi gari da mai motoci arba'in, sai dai har yau a ƙasa take zuwa kasuwa.

Duk wannan harka a kan abu ɗaya ta dogara: ɗakin. Wata bakwai suka yi suna nema kafin su same shi. Taga biyu gare shi suna kallon juna, ɗaya ta layi ɗaya ta tsakar gida, iska na shiga ta nan ta fita ta can. A ɗakin da suka baro, sau biyu ana ɗaukar Kawu ranga-ranga zuwa asibiti. A nan kuwa har munshari yake yi. A bakin tagar layi yake jera motocinsa su sha iska su bushe, kowa ya wuce ya gani.

To, Kawu yana da wata ɗabi'a. Ba ya yin motar da ke cikin kalanda. Motocin layin yake yi, kuma ba ya yi musu kwalliya. In bambar motarka da waya aka ɗaure, da zaren waya zai ɗaure ta ƙaramar. Da farko abin dariya ne, mutane har roƙo suke a yi tasu. Sai ya yi babur ɗin Tela, ya zana masa siririn layin tsatsa a gindin tanki. Tela ya leƙa nasa, tas yake, ya yi dariya ya ce tsufa ya fara taɓa idon Kawu. Bayan wata guda tanki ya fara ɗigar da mai, daidai wurin. Ya yi a-kori-kurar Mai Faci, ya sa fentin rufinta ya yi bororo. Damina ɗaya, rufin ya kwaile kamar bayan kuturu.

Dariya ta ɗauke.

"Ni ban ce komai ba," in ji Tela a bencin ƙofar shagonsa, alhali tun safe yake cewa. "Amma mutum ya zana maka ciwo, ciwo ya zo? Ruwa ba ya tsami banza."

"Ka ga yadda yake tsuguna wa mota kuwa?" Mai Faci ya ce. "Ya kanga kunci a jikinta, ya rufe ido ɗaya, bakinsa na motsi. Me yake gaya mata?"

Kawu yana jinsu ta taga. Lissafin kala yake yi in bakinsa na motsi, kashi nawa fari, kashi nawa shuɗi, amma wa zai tsaya yi wa Tela bayani, mutumin da ke ɗinka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya? Ya dai lura gaisuwa ta gajarce. Ya lura in ya fito, mai shagon kusurwa yakan tashi ya tsaya tsakaninsa da babur ɗinsa kamar kaza da 'ya'ya.

Ana cikin haka Mai Gida, wanda su Kawu ke haya a gidansa, ya sayo mota. Ruwan toka ce mai sheƙi, kujeru a leda. Ya faka ta a ƙofar gida ya tsaya yana kaɗa makulli, ya ce sabuwa ce fil, daga kamfani sai hannunsa, ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Layi ya taru ana ta Allah ya tsare. Kawu ma ya zo ya yi addu'a, amma idonsa na can gefen hagu. Washegari da safe aka gan shi tsugune, kunci a jikin ƙofa. Jibi ma haka.

"Malam," Gwaggo ta ce, "ka yi wa Allah ka bar wannan. Motocin duniya ba su ƙare ba."

"Kalar ce ta burge ni."

"Kalar ce za ta kwana da mu a titi."

Sati biyu ya yi a kanta. Ranar da ta hau bakin taga, Tela ne ya fara gani, ya bar keken ɗinki yana gudu shi kaɗai. Motar Mai Gida ce sak, har ledar kujeru, har lamba. Sai dai gabanta na hagu a lotse yake, ƙofar direba ta yamutse kamar takardar da aka dunƙule aka warware, fitila ɗaya a fashe.

Kafin azahar labari ya kai ƙarshen layi ya dawo da ƙari. Kafin la'asar Mai Gida ya aiko da takarda: ɗakin ana bukatarsa, ƙarshen wata.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba Kawu tsoro ke nan. Ta zauna bakin gado ta dube shi. "Shekara talatin ina tare da kai, ban taɓa ganinka da laya ba. Amma yau ni ma sai na tambaya. Me kake yi wa motocin nan?"

"Har ke?"

"Har ni. Gaya min."

"Abin da na gani nake zanawa."

"To idonka ya nemo mana ɗaki mai taga biyu."

Ya kwana uku yana juya maganar. Wani abu bai zauna masa ba. Tela da ya tsorata, kwana ya yi yana tofa addu'a a tanki. Mai Faci sati ya yi bai hau a-kori-kurarsa ba. Mai Gida kuwa, wanda aka zana wa mummunan hatsari, kullum da safe sai ya shiga motarsa ya fita da gudu, ko bel ba ya ɗaurawa. Wannan ba tafiyar mai tsoron hatsari ba ce. Kuma ta tagar tsakar gida Kawu yana jiyo abin da ke faruwa a sashen Mai Gida: an kori mai wankin mota, an yi wa uwargida tsawa a kan wa take waya da shi, an hana ƙaninta shigowa.

Ran na huɗu da hantsi ya naɗe 'yar motar a hankici ya yi sallama a falon Mai Gida.

Mai Gida bai ce ya zauna ba. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya leƙa labule, ya dawo ya rage murya.

"Wa ya gaya maka?"

"Ranka ya daɗe, gaya min me?"

"Kar ka raina min hankali, Fenti. Dillalin ne? Ko matata ce ta gaya wa taka? Mutum uku ne suka san motar nan ta taɓa faɗuwa, ni na uku. Har fitilar ka sani! Hoto aka nuna maka?"

Kawu ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, wani kuma ya hau. Ashe ba maye ake zarginsa da shi a nan ba, ɗan leƙen asiri ne.

"Ba wanda ya gaya min. Motar ce ta faɗa."

"Au, da gaske ne abin da ake cewa, magana kuke yi da su?"

"Mu je waje, ranka ya daɗe. Ba sai ka ce komai ba, kamar taya muke dubawa."

Suka fita. A bencin Tela wuyoyi suka miƙe. Kawu ya ce wa Mai Gida ya tsuguna a gefen dama ya kanga kunci ya rufe ido ɗaya. Mai Gida ya waiga hagu da dama, ya tattare babbar riga, ya tsuguna da ƙyar yana nishi.

"Ka ga hoton wayar lantarkin can a jikin fentin? Yaya take?"

"A miƙe."

"To zo hagu."

A hagu, wayar ta taho a miƙe tun daga baya, tana isowa ƙofar direba sai ta karye, ta yi rawa kamar maciji a ruwa, ta sake karyewa a kan madigadi.

"Ƙarfe ba ya mantuwa," Kawu ya ce a hankali. "An buga shi an cike da fila, kwaɓin nan na rufe lotsa, an fesa. Aikin ba laifi, amma mai shi ya yi sauri. Inda wayar ta fi rawa, nan ta fi lotsewa. Fitilar hagu kuma ta fi ta dama haske, ba tare aka haife su ba. Haka tankin Tela, fentin ya ɗan kumbura, tsatsa na ci ta ciki. Ni ban sa musu komai ba, riga su gani kawai na yi."

Mai Gida ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Kowa zai iya ganin wannan?"

"Sai wanda ya ba fenti huhunsa."

"A layin nan su nawa ne?"

"Ni kaɗai."

Suka koma falo. Mai Gida ya zauna, da alama yana tuno mai wankin motar da ya kora da tsawar da ya yi wa matarsa a banza. Kawu ya zaci zai ji kunya ya ba da haƙuri. Ina! Mai Gida bai saba ba.

"Ka gyara ta," ya ce, yana nuna hankicin da haɓa. "Ta koma yadda kowa ke ganin babbar. Ka mayar da ita taga kwana uku, kowa ya gani, sannan ka kawo min. Maganar wayar lantarkin kuma ta mutu a nan."

"In na yi shiru, ranka ya daɗe, layin nan za su ci gaba da cewa maye ne ni. Su ce ma ka biya ni na janye."

"Su ce. Kai ɗaki kake so ko suna?"

Kawu ya dubi 'yar motar. Lotsawar nan kwana biyar ta ci masa, da kan allura mai zafi ya yi ta, bai taɓa aikin da ya kai ta kyau ba. Ya ja numfashi, ya ji iyakar inda yake tsayawa a ƙirjinsa.

"Ɗaki," ya ce.

Da yamma ya kwaɓa fila a murfin kwalba ya cike gaban motar, ya goge, ya shafa ruwan toka hawa uku. Ta fito sumul, har fuskarsa yake gani a ƙofar. Gwaggo ta tsaya a kansa da takardar tashin a hannu, Mai Gida ya aiko a mayar masa da ita.

"To me ka ce masa?"

"Taya muka duba."

"Malam."

"Taya muka duba, Gwaggo."

Ta harare shi harara mai tsawo, ta fita kai takarda tana waiwayensa.

Da safe motar ta hau taga. Tela ya tsallako titi, ya tsaya nesa kaɗan, hannu a baya, ya leƙa ta ya leƙa Kawu.

"Kawu, an tashi lafiya? Ashe ana iya warwarewa."

"Ana iyawa."

Tela ya matso, ya rage murya. "To don girman Allah, ɗan babur ɗin nan nawa, a goge masa tsatsar mana. Ko nawa ne."

Kawu ya buɗe baki zai ce masa ya je ya canza tanki kawai, sai ya hango Mai Gida a ƙofar gida, makulli a hannu, ya kafe shi da ido. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya gyara tabarau.

"Ka dawo jibi," ya ce. "Akwai layi."