Rabin da Kaka Ba Ta Fayyace Ba

A gidanmu na Ƙofar Dumi, da an sauke tukunyar tuwo muke zagaye murhu, Kaka Dije tana kankare ƙanzo tana miƙa mana. Tatsuniyoyinta duk suna da ƙarshe, ban da guda ɗaya.

Wai wata yarinya ce uwarta ta kwanta ciwo, ta tafi wurin mai magani a bayan dutse. Ya ba ta jiƙo a gora, da ludayi, ya ce a ba marar lafiya rabi. Sai da ta iso ƙofar ɗaki ta tsaya cak. Rabin gora ko rabin ludayi? Idan ta ba da kaɗan ba zai yi aiki ba, idan ya yi yawa ya kashe. A nan Kaka take yin shiru. Wani dare yayana Sabo ya ce gora, ni na ce ludayi, har muka kusa dambe. Na tambaye ta wanne ne daidai.

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan," in ji ta. "Ba ni aka aika ba."

Na kwanta da haushi, ina ganin mantawa ta yi.

Bayan na girma na koyi rubuta manhajar kwamfuta, wata makaranta a unguwar Ɗan Iya ta ba ni aikin haɗa sakamakon jarrabawa. Wasu malamai suna shigar da maki kamar hamsin bisa ɗari, wasu sifili da ɗigo biyar. Na rubuta dogon umarni mai cankar abin da kowa yake nufi, ina jin na yi dabara. Malamin lissafi ya sa wa wata ɗaliba, Hauwa'u, ɗaya, wato ta cinye duka. Manhajata ta karanta ɗaya bisa ɗari, yarinya ta faɗi.

Na yini ina duba abin da na rubuta da hannuna, na kasa gane shi. Daga baya na farfasa shi ƙanana, kowane da sunan da ke faɗin irin lambar da yake karɓa da wadda yake mayarwa, wadda ba a fayyace ba kuma ya ƙi ta.

Har yau ban san ko yin tambaya Kaka take koya mana ba, ko kuwa da gaske ta manta. Hauwa'u dai mahaifinta ya kawo ta ofis da takardar sakamakon a hannu, idonta a kumbure. Da na nuna masa gyaran, bai yi faɗa ba. Ya ce tun jiya ba ta ci abinci ba, ni in faɗa mata da bakina cewa ba ta faɗi ba.